Duwatsun da Kaka ke tuɓe wa takalmi

Yau da safe ina cikin keke a Kafanchan sai ga saƙo a waya, a guruf ɗin ƙauyenmu, wai ranar Asabar matasa za su kwashe duwatsun bayan tsohon coci su yi katanga. Nan take Kaka ya faɗo min a rai.

Duwatsun nan tsohon masallaci ne, ba gini, jeri ne kawai a ƙasa. Tun kafin mishan su zo Hausawan ƙauyen ke salla a wurin, har rikici ya kore su. Kaka dattijon ikilisiya ne, amma duk Lahadi bayan sujada sai ya je ya mayar da waɗanda awaki suka ture, hannunsa na ƙanshin ɗanyar citta. Kuma sai ya tuɓe takalmi kafin ya shiga.

Na taɓa yi masa dariya: "Kaka, ba kowa fa, sun tafi."

Ya ce, "Kai ɗan birni, da suka gudu, a buhu suka tafi da Allah?"

Yanzu kowa a guruf sai tafa wa matasan yake. Ni na rubuta cewa a bar duwatsun, na goge, ina tsoron a ce na sayar da namu.

Ubangiji ya ba Kaka hutawa, ni kuma ya ba ni zuciyar tura saƙon kafin tifar kwasar duwatsun ta iso.