Motar da ba ta son kwana a Samaru

Ko zan manta ranar da na karɓi takardar digiri, ba zan manta yadda motar Babanmu ta mayar da ni abin dariya tsakanin Samaru da Sabon Gari ba. Har yau idan na kama wayar lantarki zan gwada, sai abin ya faɗo mini a rai.

Tsohuwar mota ce wadda Baba ya yi rayuwarsa ta koyarwa da ita. Da ya rasu sai ta yi zaman dirshan a gindin mangwaro, kaji suka mayar da kujerar baya asibitin haihuwa. Baffa, ƙanin Baba da ke noma a Bomo, ya daɗe yana so a sayar wa 'yan gwangwani su auna ta a sikeli. Ni kuwa a lokacin na gama karatun injiniya, kaina ya fi ƙarfin hulata. Na cire kabireta na jefar, na sa wata ƙwaƙwalwar mota da aka kawo mini daga waje, irin wadda ake saitawa da kwamfuta. Ɗan akwati ne baƙi, na ɗaure shi a ƙasan sitiyari. Shi ke sauraron sensa-sensa na jikin inji, ɗaya ta faɗa masa zafi, ɗaya ta faɗa masa yadda aka taka totur, sannan ya auna man da zai ba inji.

Bikin ƙanwata ya matso, sai Baffa ya kafa sharaɗi a gaban dangi. Idan motar ta kai amarya coci da ƙafarta, ta zauna. Idan ta ƙi, sai sikeli. Na amsa da fara'a, don ta riga ta tashi har na zaga unguwa da ita ina danna wa mutane hon ba dalili. Mama kuwa na san ko ƙofar motar ba ta so a taɓa.

Daga nan aka fara wasan. Da safe inji na sanyi ƙalau, amma kwamfuta ta rantse mini ruwan lagireto na tafasa, fanka ta kama gudu tana fifita ƙarfen da ko ɗumi bai yi ba. Sensar totur kuma ta ce an taka, alhali ƙafata na waje. Sai an tura ta take tashi, tana tari tana shessheƙa. Maƙwabtanmu ɗalibai har suka daina gaishe ni, suna hango ni da makulli sai su tuna suna da lakca.

Na lallaɓa ta zuwa wurin wani rewaya, mai gyaran wayoyin mota, ɗan kudu a bayan PZ da ke Sabon Gari, mutumin da aka ce yana jin ciwon mota daga ƙararta. Abin haushi, kafin mu isa sai ta warke sarai. Ya jona mitarsa, ya girgiza wayoyi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Oga injiniya, wannan mota lafiya shi ke. Ko kai ne ba ka da lafiya?"

Duk da lafiyar tata bai fasa sayar mini da sabuwar sensar zafi ba. Washegari ciwo ya dawo, ya sayar mini da ta totur. Ni ma na yi nawa. Na san idan sensa biyu suka haɗa baki suna ƙarya lokaci guda, laifin yana inda suka yi tarayya. Na kankare wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota har ta yi ƙyalli, na raba wayoyin sensa da na filogi, na sake batir. Kullum da rana nake aikin, kullum in ga nasara, kullum da safe ta ƙaryata ni.

Rewaya ya ce in bar ta ta kwana wurinsa ya kama ta da safe. Ta kwana a Sabon Gari, ta tashi da bugu ɗaya kamar amarya. Ta sake kwana, haka. Na dawo da ita gida, gari na wayewa ta koma gidan jiya.

"Shi ba ya son Samaru ne," in ji shi. "Ka kama masa haya a nan."

Baffa kuwa abin nema ya samu. Ya zo har da mai saye, suna zagaya ta suna ƙwanƙwasa jikinta kamar masu tayin saniya. Ya ce marigayi ne bai yarda a cusa wa motarsa ƙwaƙwalwar bature ba. Na yi dariya a fili, amma a cikina na tsorata, don ƙamshin man gashin Baba bai gama fita daga kujerar nan ba. Mama ta ga na rame, ta ce kada in damu, za ta ƙara addu'a. Na ce to. Daga ranar ciwon ya ninka.

A tarihin gidanmu ba a taɓa kama ni da laifin sammako ba. Amma da biki ya rage ƙiris, na tashi da sassafe don in ga farkon abin da idona. Ina leƙowa sai ga Mama a ƙofar direba, da makullin Baba na biyu ɗaure a bakin zane, da kofin silba a hannu. Tana tsoma yatsu tana yayyafawa, bakinta na motsi. Ta yi wa sitiyari, ta yi wa kujera, sannan ta duƙa ta ba wurin ƙafa kaso mafi tsoka, daidai kan soket ɗin ƙwaƙwalwar da na sa.

"Mama, mene ne a kofin nan?"

"Ruwan addu'a ne, da ɗan gishiri. Ka tashi lafiya?"

Na zare soket ɗin. Ga danshi, ga farin gishiri ya yi sahu tsakanin haƙoran. Ashe ruwan ke haɗa wayoyin da bai kamata su gaisa ba, kafin in kai PZ kuma zafi ya busar da shaida. Na buɗe baki zan yi mata lakca a kan ruwan gishiri da lantarki, sai ta riga ni.

"Tun kana goye nake yi wa mahaifinku kafin ya fita, bai taɓa taka ko kaza ba. Da ya tafi na daina, don babu mai zama a wurin. Yanzu kai ke zama."

Lakcar ta maƙale. Na tsaya da soket a hannu ina kallon mangwaro, don kada ta ga idona.

Ban ce mata ta daina ba. Na wanke soket, na shanya, na ciro ƙwaƙwalwar daga ƙasan sitiyari na mayar da ita can sama bayan akwatin gaba. Na ari robar miyarta mai murfi, na huda wa wayoyi hanya, na toshe da gam. Ta yi mitar robar fiye da yadda Baffa ya yi mitar motar.

Ranar biki Mama ta zuba ruwanta son ranta, mota ta tashi da bugu ɗaya, fanka ta yi shiru. Muka kai amarya coci, Baffa na gidan gaba ya ɗora gwiwar hannu a taga, yana gaya wa kowa dama shi ya ce kada a sayar. Mama ta ce addu'a ce ta ci. Rewaya ya ce sensarsa ce. Ban yi musu da kowa ba.

Abin da na koya shi ne, sensa ba ta ƙarya, abin da ya taɓa ta take faɗi. Kuma kafin ka kawo sabon abu tsohon gida, ka tambayi abin da mutanen gidan ke yi kafin ka farka. Mama ta bi Baba yanzu, motar na nan, ƙwaƙwalwarta na cikin robar miya. Wurin ƙafar ya bushe ƙayau, ni kuwa da zan samu mai jiƙa mini shi, da na yarda in tura mota kowace safiya.