Haƙorin Doña Herminia

Doña Herminia Chapoñán ta shekara talatin da ɗaya tana sayar da farfesun kaza a wata kasuwa ta birnin Chiclayo, kuma ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Tana da ludayi. Da shi ta karya hancin marigayi mijinta, sau biyu. Da shi ta ladabtar da wani ɗan sane, har ya dawo washegari ya ba ta haƙuri da ɗan abin da ya rage na bakinsa. Ranar da ta fasa goshin wani mai kifi da murfin tukunya, ƙungiyar 'yan kasuwa ta kawo mata takarda: in ta sake ɗaga wa wani hannu, ta rasa rumfarta.

Ana haka sai kilon Don Eleuterio, dillalin kaji, ya fara ramewa. Herminia ta ji a hannunta tun kafin ta gani a tukunya. Ta je ta ce ya ba ta littafin koke, wanda kowane shago ke ajiye wa masu saye.

"Ɓera ya cinye, maƙwabciya," in ji shi. "In kira miki ɓeran ki gaya masa?"

"Ka gode wa takardar ƙungiya, tsohon banza. Da yanzu kana neman kunnenka a kwata."

Ta sa rigar zuwa coci, ta tafi hukumar kare haƙƙin masu saye. Aka saurare ta da ladabi, abin da ya ɗan tsorata ta. Bayan mako uku aka turo jami'ai biyu sanye da falmaran mai sunan hukuma a baya. 'Yan dako suka hango su tun daga ƙofa, suka yi fiton da suka saba, fiton ya riga jami'an isa layin kaji. Aka gwada sikelin Eleuterio, aka same shi mai gaskiya kamar jariri. Jami'an suka tafi bakin ƙofa cin abincin rana.

Ko juya baya ba su gama yi ba, Eleuterio ya zaro maganaɗisu daga aljihu, ya maƙala a ƙarƙashin farantin sikeli. Herminia na kallo. Ta ajiye ludayi, ta tsallaka, ta cire farantin ta rungume a ƙirji.

Marin farko da Eleuterio ya yi mata ya toshe mata kunne. Ƙanensa Wilmer, mai yanka kajin, ya shaƙe ta da igiyar rigar girkin da ke wuyanta, ya buga kanta da teburin siminti. Eleuterio ya samu bakinta da dutsen awo na rabin kilo, wanda a wannan karon bai rage komai ba. Ta faɗi cikin ruwan fige kaji, suka bi ta da shuri a haƙarƙari. Mata suna ihu. Mai kifin nan da ta taɓa fasa wa goshi ya hau akwati yana cewa, "Rama mana, Herminia! Ina ludayin?"

Ta san daidai inda za ta sa gwiwa Wilmer ya daina haihuwa. Ta kalli rumfarta, ta ƙara matse farantin.

Da suka gaji, ta miƙe. Ta tako har bakin ƙofa, jini na ɗiga a haɓa, ta kife farantin kusa da shinkafar jami'an. Ga sunan Eleuterio da jan fenti, ga maganaɗisu maƙale. Sannan ta tofar da haƙori ɗaya a kai.

Babban jami'in ya duba da kyau. "Farantin namu ne, señora. Haƙorin kuwa ba huruminmu ba ne."

A ranar aka ɗauke sikelin, aka manna takarda a ƙofar shagon. Ƙungiya ta zauna, shaidu goma sha huɗu suka rantse cewa Herminia ba ta ɗaga hannu ba, wasunsu cikin takaici. Rumfa ta zauna a hannunta.

Haƙorin an mayar mata a cikin ambulan mai hatimi. Yana nan rataye a ƙusa ɗaya da ludayin.