Bindigar Iska da Ragon Maƙwabcina

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Bagwai, na taɓa sayen bindigar iska. 'Yar ƙarama ce ta hannu, irin wadda ake karya bakinta a saka ƙwayar dalma guda ɗaya mai girman ƙwayar dawa, a mayar a harba. Abokina ne ya zo da ita daga birni. Ya ce ta 'yan koyon saiti ce, ga araha, kuma ko ɓera ba za ta kashe ba. Ban tsaya bincike ba, don zuciyata ta riga ta kwanta da ita.

Kullum bayan la'asar sai in zana da'ira a kwali, in rataye a jikin dangar bayan gidanmu, in ja da baya taku goma. In kun gan ni a lokacin, ido ɗaya a rufe, hannu ɗaya a ƙugu, sai ku rantse jiya na bar aikin soja. Alhali a harbi goma da ƙyar uku ke samun kwalin. Sauran bakwai ɗin ban taɓa tambayar kaina ina suke zuwa ba. Dangar kuwa ta kara ce, kuma a bayanta maƙwabcina yake ɗaure dabbobinsa.

Maƙwabcin nan nawa dattijo ne, manomi, sa'an marigayi mahaifina. Tun bayan kaka yake kiwon wani farin rago don layya, yana ba shi dusa da harawa da hannunsa.

Saura kwana tara babbar sallah na yi wani harbi, sai na ji ragon ya yi wani irin kuka yana fizgar igiya. Na leƙa ta tsakanin kara, na ga jini yana bin gefen fuskarsa daga ido. Babu kowa a wurin. Na sauke kwalin, na tura bindigar ƙarƙashin katifa, na yi alwala na tafi masallaci.

Washegari da safe mutane suka taru a ƙofar gidansa. Idon ya mutu, kuma liman ya riga ya faɗa masa cewa rago mai ido ɗaya ba ya layya. Ni ma na je jaje. Ba wanda ya tambaye ni komai, amma bakina ya ƙi yin shiru.

Na ce, "Baba, ƙila ƙaya ce ta tsone shi a cikin harawa."

Ya dube ni, ya ce, "Ƙila, Malam."

Kwana uku ina yawo da abin a ƙirjina. A na huɗu mahaifiyata tana tsince wake a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kwana biyu ban ji tas-tas ɗinka a bayan gida ba."

"Dalmar ce ta ƙare, Inna."

Ta ce, "To." Can ta ƙara da cewa, "In ka yanka ragonka ranar sallah dattijon nan bai yanka ba, kada ka kawo min naman."

Da yamma na kwance ragona na ja shi zuwa gidan dattijon. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na faɗa masa komai, ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙullin tsumma, ya kwance. 'Yar dalmar ce a ciki, ta lanƙwashe.

Ya ce, "Tun ranar na ciro ta. Duk garin nan wa ke da irinta in ba kai ba?"

Na ce, "Baba, me ya hana ku faɗa a gaban mutane?"

"Kai kake koyar da 'ya'yanmu. In na ƙaryata ka a ƙofar gidana, gobe wa zai saurare ka a aji?"

Da farko ya ƙi karɓar ragon. Sai da na ce masa Inna ba za ta bar ni in koma da shi ba, sannan ya yarda, da sharaɗin in tafi da nasa. Haka na jawo farin ragon nan ta gaban majalisa zuwa gida. Shekarar ban yi layya ba. Na ci gaba da kiwonsa har damina, kullum da safe in na kawo dusa sai ya karkato da kai gaba ɗaya kafin ya gan ni. Bindigar kuwa na mayar wa abokina, na ce ya gaya wa duk wanda zai ba ita, ya samu katangar ƙasa a bayan kwalinsa.

Har dattijon ya rasu bai faɗa wa kowa ba. A wurin ta'aziyyarsa babban ɗansa ya riƙe hannuna, ya shiga ba mutane labarin shekarar da ragonsu ya samu matsala, Malam ya kawo musu nasa saboda Allah. Jama'a suna ta sa min albarka, ni kuwa gumi ke keto min. Da aka watse na ja shi gefe na gaya masa yadda abin ya faru. Sai ya ce, "Ashe shi ya sa Baba bai taɓa son mu yi zancen ba."

Harbin kuskure ne da ganganci, na nemi gafara an yafe min. Abin da har yau yake sa in ji kamar in nutse shi ne safiyar da na tsaya cikin masu jaje, na dubi idon mutumin da na cuta, na ƙirƙiro masa dalili. Ya san ƙarya nake yi, hujjar tana aljihunsa, amma ya kira ni Malam.