Farantin Kifin Kira Sotiriya

Kafin ƙararrawar coci ta kaɗa ta safe, hayaƙin tanderun Kira Sotiriya (Kira a wajenmu kamar a ce Uwargida ne) ya riga ya tashi. Haka muka taso muka gani a wannan gari namu na kan dutse, a tsibirin da mutanen Atina, babban birninmu, ba sa tunawa da shi sai lokacin hutu. Ta share tsakar gida, ta tsinko tumatir da tattasai a bayan ɗaki, ta zauna bakin ƙofa tana kwashe cikinsu tana ɗura shinkafa da na'a-na'a. Man zaitun kuwa ba ta auna shi, karkata kwalba take yi sai ranta ya ce ya isa. Duk wanda ya biyo layin sai an tare shi da "Ka ci abinci?" In ya ce ya ci, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A gidan wa? Zauna."

Ba ta da gidan abinci, ba ta taɓa sayar wa kowa loma ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna Jamus, amma teburinta bai san kaɗaici ba. Mai jego ta sha romonta, masu makoki sun ci gurasarta. Bana ta ce gwiwoyi sun ƙi, ta ajiye ludayi, ta miƙa tanderun ga maƙwabciyarta Fotini. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ya kamata a faɗa tun tana ji da kunnenta.

Akwai wani tsoho a ƙarshen gari, Barba Stamatis (Barba shi ne Kawu a bakinmu), wanda ya shafe rayuwarsa yana tsaga itatuwan dajin da ke bayan gidansa yana tatsar ƙaro. Shi ne ya tsaya wa mijin Sotiriya a matsayin babban abokin ango ranar aurensu, to ka ga an zama 'yan uwa ke nan. Mutum ne mai taurin kan tsiya, Allah ya sani, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Tun da matarsa ta rasu Sotiriya ke kai masa abincin rana, kullum ta Allah, shi kuma kullum sai ya ce gishiri bai ji ba.

Ranar da nake son ba da labarinta ta faɗo cikin azumin Agusta, 'yan shekarun baya, ranar sunan Sotiriya, wato ranar idin cocin da ta ci sunansa, wadda ake yi duk shekara. Kowa ya san yadda ake yi: mai suna ta bar ƙofa a buɗe, ba a gayyatar kowa, ba a kuma yafe wa wanda bai zo ya ce "shekaru masu yawa" ba. Ba a taɓa nama cikin azumin, amma ranar an halatta kifi. Sotiriya ta gasa kifi da albasa da tumatir cike da babban faranti, wanda sai mutum ya sa hannu biyu zai ɗaga.

Tun safe iska ke kaɗawa daga arewa, busasshiya mai zafi. An ce wuta ta kama a bayan dutse, muka ce ai da nisa. Kafin rana ta take sai sama ta koma ja, toka ta fara zuba a kan teburan da aka jera. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai ƙararrawar coci ta ɓarke ba tsayawa, 'yan sanda suka shigo suna shela kowa ya sauka bakin teku yanzu-yanzu.

Fotini ce ta ba ni sauran labarin, don ita ta ja a-kori-kurar mijinta ta tsaya ƙofar Sotiriya. Ta yi zaton tsohuwar za ta fito da takardun gida ko hoton mijinta, sai ga ta da farantin kifi, ta naɗe hannayensa da tsumma.

"Kira Sotiriya, don girman Allah, gari na ci da wuta ke kina ta kifi?"

"Mutane za su ji yunwa a can. Stamatis ya sauka?"

"Ya ƙi. 'Yan sanda sun yi, limamin coci ya yi, ya ce a gidansa za a same shi."

"To juya motar sama."

Sama fa inda wutar take ke nan. Fotini ta ce ta so ta ce a'a, amma ta juya motar. Suka hau suna karo da motocin da ke gudu ƙasa, mutane na yi musu ihu su koma. Hayaƙi ya sa da tsakar rana sai da ta kunna fitila. Dajin nan cike yake da ƙaro, in ya kama kamar an zuba fetur yake ci, 'ya'yan itatuwa suna fashewa suna tashi da wuta su faɗa can gaba su kunna wani wuri. Rugugin da ke tahowa daga bayan tudu ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba, a ƙirjinta take jin sa.

Suka tarar da Barba Stamatis tsaye a tsakar gida da tiyon ban ruwan lambu, yana yayyafa wa bango ruwan da ko kaza ba zai jiƙa ba.

"Ku koma!" in ji shi. "Na ce ba inda za ni."

Sotiriya ba ta roƙe shi ba, ba ta ambaci wuta ba ma. Ta sauko da ƙyar tana dafa mota, ta ɗauko farantin ta dire a kan teburin da ke ƙarƙashin rumfar inabinsa, ta ja kujera ta zauna.

"Yau ranar wa?" ta tambaye shi.

"Sotiriya, ba lokacin wannan ba ne."

"Tun safe ƙofata a buɗe. Har kurman mai gyaran takalmi ya zo ya gaishe ni, kai da ka tsaya mana ranar aure ban ga ƙeyarka ba. Na ce to, tun da ya yi girman da ba zai zo teburina ba, bari teburin ya zo masa. Fotini, shiga ki ɗauko cokula."

Fotini ta ce a lokacin wani garwashi ya faɗo kan rumfar, ganye ya fara murɗewa. Ta fashe da kuka tana jan hannun tsohuwar, ita kuwa kamar an dasa ta. Amma da ta taɓa ta sai ta ji duk jikinta ɓari yake. Ashe tsoron da ke cin Fotini shi ke cin ta, ta danne ne kawai.

"Tashi ki tafi, mahaukaciyar tsohuwa," in ji Stamatis. "Mutuwa za ki yi a nan."

"Ka taɓa ganin na tashi na bar baƙo bai ci ba? In nan za ka ci, nan zan zuba. In bakin teku ne, to ɗauki farantin, ni gwiwata ba za ta sake ɗaga shi ba."

Ya dubi gidan, ya dubi dajin da ya yi wa bauta tun yana saurayi, ya dubi matar amininsa zaune toka na sauka a ɗankwalinta. Ya zunduma ashar ɗin da Fotini ta ce ba za ta maimaita ba. Sannan ya yar da tiyon, ya sa hannu biyu ya ɗauki farantin.

Da suna saukowa wuta ta riga ta kama gefen hanya, zafin gilashi har ƙona kunci yake. Fotini ba ta ganin gabanta, da sanin hanya kawai ta yi tuƙin, Sotiriya na gefe tana ta addu'a a hankali. Mu da ke bakin teku mun riga mun cire rai, sai ga motar ta ɓullo cikin hayaƙi, fentinta ya kumbura.

A kan yashi aka ci kifin nan, da hannu, yara da tsofaffi da 'yan kwana-kwana da suka sauko baƙi ƙirin. Muna ci muna kallon garinmu yana ci. Gidan Stamatis ne ya fara tafiya, ba a jima ba layin Sotiriya ya bi. Ba ta yi kuka ba, tana ta cire wa yara ƙaya. Can sai tsohon ya taso ya tsaya gabanta, ya cire hularsa.

"Shekaru masu yawa, Sotiriya," ya ce.

"Ka makara," in ji ta. "Zauna ka ci."

Kira Sotiriya, ke ce kika san cewa mutumin da ya yanke ƙauna da ransa zai iya jin kunyar wadda ta ciyar da shi. Ke ce kika shiga inda masu kaki suka haƙura suka fito, ba ki da komai sai faranti da tsoron da ya cika miki ciki. Uwar tebur, an sake gina miki gida ƙarami, tanderun ma ba kamar na da ba, amma ba ki fasa tare masu wucewa ba sai da ƙafa ta gaza. Mun gode, mun kuma gode.

Ban ɓoye muku ba, tsoro bai bar mu ba. Duk Agusta in iskar arewa ta taso, sai ka ga mutane sun daina hira suna duban bayan dutse. Wutar za ta dawo, kuma a kowane gari akwai tsohon da zai ce ba inda za shi. A ranar ba shela ce za ta taso shi ba, ba kuma baƙuwar murya ba. Wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasa masa ƙofa da abinci mai zafi shi kaɗai zai iya. Sotiriya ta zauna yanzu, Barba Stamatis kuma yana nan da ransa a gidan da aka sake gina masa a ƙarshen gari, shi kaɗai yake cin abinci. Ku zuba ku kai masa tun yau, tun iska ba ta taso ba.