Sallamar da Baba ya aike ni da ita

Shekarar da Allah Ya kira ni aikin hajji ina koyarwa a wata firamare a Bukkuyum. Baba kuwa tsufa ya riga ya zaunar da shi, iyakarsa zaure. Shi da ƙafa ya je Makka. Ya yi damina a Chadi, ya tsinci auduga a Sudan, ya bar gida ba gemu ya dawo da shi.

Ana gab da tafiyarmu ya sa aka kira ni.

"Wanga jirgin naku, kwana nawa shika yi bisa hanya?"

"Ba ya kwana, Baba. An ce in mun tashi Sakkwato bayan azahar, a Jidda za mu yi isha'i."

Ya ce, "To ina kuka ya da zango?"

Na ce babu zango. Ya girgiza kai, sannan ya ba ni labarin wani ƙauye a yammacin Sudan inda zazzaɓi ya kayar da shi. Wata tsohuwa da ba ta jin Hausa ta ajiye shi a rumfarta, tana ba shi kunu har ya miƙe. Ko sunanta bai riƙe ba.

"Na san ta daɗe da rasuwa," ya ce. "Amma in kun zo bisansu, ka yi musu sallama."

Tafiyar mota daga gida zuwa Gusau, daga can zuwa Sakkwato, da zaman jiran jirgi, sun fi tafiyar saman daɗewa nesa ba kusa ba. A cikin jirgi kujerar tsakiya na samu. Na roƙi wani dattijo ɗan Gummi da ke bakin taga, ya ce shi dama ba ya son leƙen ƙasa, muka musanya. Gajimare na yi ta gani, sai daga baya ƙasa ja fetal, ba gida ba bishiya. Ban san ko mun wuce ƙauyen ko ba mu kai ba. Na dai jingina goshi da taga na yi sallama, na yi wa tsohuwar addu'a.

Da na dawo, bayan 'yan barka sun ragu, Baba ya tambaye ni, "Mi ka gani?"

"Ban ga kowa ba, Baba. Amma na isar da saƙo. Na kuma ga wani zare yana ƙyalli, aka ce kogin Nilu ne."

"Zare!" Ya yi dariya har da tari. "Ruwan da muka shiga kwalekwale muna salati, shi ne zare?"

Ya gyara zama ya fara ba ni labarin ƙetarewar. Inna ta aiko da fura, muka sha, ya ci gaba har aka kira la'asar.