Yaya Inuwa, Wanda Ya Hana Guɗa a Gidansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis ta tsakiyar watan Safar, shekara ta 1388, Allah Ya karɓi ran yayana Inuwa a gidansa da ke Makarfi, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana ɓoye mana. Ni ce ƙanwarsa Lantana, wadda ya ɗauko daga Gazara ya ba ta ɗaki tun rasuwar mijinta.

Yaya, ka tafi ƙasar Kwango cikin sojan da aka aika rabon faɗa, ka dawo da akwatin rediyo da ƙarancin magana. Ka ajiye kaki, ka koma fadamar rake. Ba a taɓa dafa mazarƙwaila a wurinka ba tare da an kai wa tsofaffin unguwa ba. Ɗana Uwaisu, a hannunka ya koyi riƙon fartanya.

Bayan la'asar maza sukan cika zaurenka sauraren labarai, ina jiyo su ta bayan katanga. Bobbo tela yana bayan Rasha, Ɗan'azumi direba yana bayan Amurka, kullum kamar za su dambace. Wata rana Bobbo ya ce, "Malam Inuwa, kai da ka je ka gani, su wa ke da gaskiya?"

Ka ce, "Bobbo, ka taɓa ganin mutumin Rasha? Ni ma ban gan shi cikin gawarwaki ba, haka na Amurka. Bindigogin dai nasu ne. Waɗanda muka binne kuwa, duk ƙafafunsu da faso irin naka."

Aka yi dariya. Kai ba ka yi ba.

Sai ga yaƙi a ƙasarmu bara. Aka ce wata ƙasa ta ba mu jiragen sama, wata tana ba waɗancan da muke yaƙa harsashi. Uwaisu ya shiga soja ba da son ranka ba. Tun daga nan ka hana guɗa a gidanka duk ran da rediyo ya ce an ci wani gari.

Da ciwo ya tsananta ka kira ni, ka ce, "Lantana, alkawari biyu nake so. Kada a yi guɗar yaƙi a gidan nan bayan raina. In kuma kin yi wa Uwaisu addu'a, ki haɗa da ɗan matar da ke can ɓangaren da ake yaƙa, ita ma a kan buzu take kwana." Na ce na ɗauka. Da sauri na amsa, don tarin ya lafa maka. Har yanzu ina tambayar kaina ko zuciyata ta ji abin da bakina ya faɗa.

Ranar sadakar uku labari ya zo an ci wani babban gari. Guɗa ta tashi a maƙwabta, wasu masu zaman makoki har sun kai hannu hanci. Na miƙe na ce, "Ba a gidan nan ba." Suka zauna.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka huta da abin da idonka ya gani. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Zulai da 'ya'yanka Ja'afaru da Madina. Allah Ya ba mu haƙuri.

Alkawari na farko na cika shi. Na biyu kuwa, bayan kowace salla ina ɗaga hannu, in na ambaci Uwaisu sai harshena ya tsaya, domin na san ɗan matar nan ɗana yake nema da bindiga. Na gaji, Yaya. Ban cika shi ba.