Kawu Illo Mai Ƙirga Ƙafafun Kwaɗi

Duk wanda ya san Kawu Illo, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya wuce kwaɗo bai gaishe shi ba. Sai ya tsuguna, ya juya shi, ya ƙirga: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tahi abinka, Allah shi yi maka albarka." Tsohon mushen kimiyya ne a lakwal, wato malamin makaranta, da ya ajiye aiki sai tabkin bayan garinmu, can wajen Malbaza, ya zama ajinsa. Har yau in hadari ya taso nakan gan shi kamar a mafarki, wando a naɗe, hula a karkace, ruwa na ƙyalli a ƙwaurinsa.

Daminar da nake da cikin fari ya soma tsintar kwaɗi masu ƙafa biyar, wasu uku, wani ma ido guda. Ɗan Ladi mai garkar albasa ya ce aikin aljanu ne.

"Ai na ga aljanin," in ji Kawu. "Kullum da hantsi shina wanke famfon feshin maganin ƙwari cikin tabki. Har hularku iri ɗaya!"

Amma ya ce zato ba hujja ba ne, sai an gwada. Ya kwashe randunan aurena biyu, sababbi fil! Ɗaya ruwan tabki, ɗaya na rijiya, ya zuba talibambam, 'ya'yan kwaɗi, a kowacce.

"Kawu, ni a mi zan sha ruwa?"

"Ɗiyata, kimiyya ta riga ki jin ƙishirwa."

Sati uku yana leƙe yana rubutu. Ran Juma'a ya dawo daga masallaci, ya iske agwagwar maƙwabta ta share randunan tas, tana taƙama. Wayyo! Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rubuta: "Sakamako na cikin agwagwa."

Duk da haka ya hana ni ruwan tabki. "Ban tabbatar ba," ya ce, "amma ba da jikana za a gwada ba." Wata biyar tsohon nan yana kora jaki zuwa rijiya mai nisa, jarka biyu kowace safiya.

Ranar da na haifi Hadiza aka miƙa masa ita a bakin ƙofa. Ina jinsa daga ɗaki, yana bin yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Ashirin cif! Tahi abin... a'a, ke zauna nan."

Allah ya jiƙan Kawu Illo. Yadda ya shayar da mu ruwa mai tsabta, Allah ya shayar da shi daga Alkausara. Amin.